Takardun cikin adakar Baba da kasuwar Abijan da na leƙa ban shiga ba

Ni fa harkar hannun jarin nan ba da niyya na shige ta ba, adakar Baba ce ta ja ni. Wajen ƙarshen 2021 ne, rufin ɗakinsa ya yi yoyo da damina, bayan ruwa ya ɗauke aka ce a fito da kaya a shanya, ina cikin ɗaga tsofaffin riguna sai ga wata leda baƙa an naɗe ta da kyauro. Na buɗe, takardu ne masu kauri masu ado a gefe kamar shaidar gama makaranta, guda shida, kowacce da sunan kamfani da adadin hannun jari, ga kuma wasu ƙananan takardu kamar cek da yawa duk sun yi ja don tsufa. Na ce Baba wannan fa? Ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce maida su, kuɗin da ruwa ya ci ne.

Daga baya ya ba ni labarin. Lokacin da Soludo yana gwamnan babban banki ya ce kowane banki sai ya tara jarin biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna suka bazama neman kuɗi, har ofisoshin gwamnati ake bin ma'aikata da fom. Baba yana aiki a sakatariya a nan Katsina lokacin, ya saya, farashi ya hau, 2007 ya ƙara saya da kuɗin da ya sayar da wani fili. Watan Maris na 2008 kasuwa ta kai ƙololuwa sannan ta juyo ƙasa kamar an sake guga a rijiya, kafin shekarar ta ƙare ta zubar da kusan rabin darajarta. 2009 Sanusi da ya gaji Soludo ya sallami shugabannin wasu bankuna, 2011 aka karɓe guda uku gaba ɗaya, kuma ɗaya daga cikin takardun Baba ta ɗaya daga ukun nan ce, wannan kam ta zama takardar tsire. Shi a tunaninsa duka shidan haka suka tafi. Ni kuma da na duba sunayen sai na ga uku bankuna ne da har yau ina ganin rassansu a gari, ɗaya na siminti, ɗaya na sukari, na ce anya kuwa.

Da hutun makaranta na hau mota zuwa Kano da ledar a cikin jaka, wani abokin aikina ya kwatanta min ofishin wani dillalin hannun jari. Kafin in je sai da na duba sunan kamfanin a shafin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, domin ni MMM ta taɓa lasa ta a 2016, ba da yawa ba amma ta lasa, tun daga nan duk wanda ya ce min kawo kuɗi sai na ga rajistarsa. Mutumin da na samu dattijo ne mai haƙuri, ya baje takardun a tebur yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, ya ware ta bankin da ya mutu gefe, ya ce sauran suna da rai. Ƙananan takardun nan kuma ashe ribar da kamfanoni ke rabawa ce aka riƙa aiko masa ta gidan waya bai taɓa kai ko ɗaya banki ba. Na fara murna kenan sai ya ce Malam tsaya tukuna, dubi sunayen.

A takarda ɗaya an rubuta sunan Baba da Muhammadu, a wata Mohammed, a wata Moh'd, a ɗaya ma sunan kakanmu aka sa a farko nasa a ƙarshe, a BVN ɗinsa kuma akwai sunan garinmu a ƙarshe wanda babu shi a ko ɗaya cikin takardun. Mu a wajenmu ai duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san shi, amma a wajen rejistara, wato kamfanin da ke riƙe da kundin sunayen masu hannun jari, mutum huɗu ne daban daban. Kuma kowane kamfani da rejistaransa, ba wai waje ɗaya za ka je ka gama ba. Wallahi wata bakwai muka yi a kan wannan maganar kaɗai. Afidabit a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, hoton fasfo, takardar banki mai tabbatar da sa hannu, sannan babbar matsalar, sa hannun Baba na yanzu bai yi kama da na 2005 ba don hannunsa yana ɗan rawa, wani rejistara ya dawo da fom ɗin har sau biyu. Rannan Baba ya fusata ya ce kai rabu da su, ni da kuɗina sai na yi rantsuwa ni ne ni? Na ce Baba a ƙara haƙuri, saura kaɗan. Ba saura kaɗan ba ne, na dai faɗa ne.

A ƙarshe dai aka maida takardun zuwa na'ura, aka buɗe masa asusu a CSCS, wajen da ake ajiye hannun jarin kowa yanzu ba takarda, aka ba shi lambar da suke kira CHN, aka cika fom ɗin da zai sa riba ta riƙa faɗawa asusun banki kai tsaye. Ranar da alat na farko ya shigo muna zaune bayan la'asar ya miƙo min wayar ya ce karanta min, na karanta, ribar shekaru ce ta taru daga kamfanin sukarin. Ba wasu maƙudai ba ne, amma ya yi shiru ya jima sannan ya ce ashe suna nan. Na bankunan kuwa da kansa ya ce a sayar, ya ce a wancan lokacin ba wanda ya tsaya tambayar malamai, yanzu kuma ya ji abin da ya ji game da kuɗin ruwa ba ya son ya mutu da su a wuyansa.

To ana cikin wannan zirga-zirgar ne MTN suka fitar da tallan hannun jarinsu a Disamba 2021, naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙanƙanta guda 20, wato da dubu uku da ɗari uku da tamanin ka shiga, ta waya ma ake cikawa. Na sayi guda 100 don dai in ga yadda abun yake, ta nan na samu tawa lambar CHN ɗin, kuma saboda wahalar da nake sha da sunan Baba sai da na ɗauko katin NIN da BVN na jera na kwafi sunana harafi bayan harafi. Har yau in zan cika kowane fom haka nake yi, matata tana min dariya wai kamar ɗan aji ɗaya.

Dillalin nan shi ya fara min maganar asusun haɗaka. Ya ga ina ta tambayarsa wane kamfani zan saya wane zan bari, ya ce Malam kai koyarwa kake yi, yaushe za ka zauna karanta rahoton kamfani mai shafi ɗari biyu, ka bar masu aikin su yi. Yadda na fahimce shi, kamar a ce mutum dubu sun zuba kuɗi a tukunya ɗaya, manajan asusu ya ɗauka ya sayi hannun jari kala kala da sauran kadarori, tukunyar kuma an yanka ta ƙananan kaso da ake kira yunit, kai iya kuɗinka iya yunit ɗinka. In kayan cikin tukunya sun yi daraja farashin yunit ya hau, in sun faɗi ya sauka. Na ce to ai adashe ne, ya ce a'a, adashe abin da ka zuba shi za ka kwasa, nan kuwa zai iya fi zai iya gazawa kuma ba wanda zai rantse maka. Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne da ya ce kuɗin ba a hannun manajan suke ba, wani banki daban ne ke ajiye kadarorin, ga kuma wasu amintattu na uku da aikinsu sa ido a madadin mu masu yunit, duka kuma ƙarƙashin SEC, har ma hukumar tana wallafa darajar kowane asusu a shafinta kana iya dubawa da kanka.

Wanda aka fi tallatawa shi ne na kasuwar kuɗi, shi ne kowa ke cewa ba ya faɗuwa, amma da na tambaya me suke saya da kuɗin sai na ji takardun bashin gwamnati ne na gajeren lokaci da ajiyar banki mai ruwa, na ce wannan ba nawa ba ne. Akwai na halal, kamfanin Lotus suka fara nasu tun 2008, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna da irinsa, har kasuwar Legas ɗin tana da ma'aunin hawa da saukar farashin kamfanonin da suka dace da shari'a tun 2012. Su waɗannan suna da kwamitin malamai, ba sa taɓa bankin ruwa, ba giya, ba taba, ba caca, ba inshorar da aka saba, kuma ko kamfani sana'arsa halal ce in bashin ruwa ya yi masa katutu sai a cire shi. Ɗan abin da ya gauraya na haram kuma ana lissafa shi a fitar a bayar sadaka. Ba zan faɗi wanda na shiga ba don kar a ce talla nake, biyu dai na ɗauka, ɗaya mai hannun jari ɗaya mai sukuk, wato takardar jari marar ruwa.

Sukuk ɗin ne ma ya fi shiga raina don shi ina ganinsa da ido. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a Satumba 2017, biliyan 100, shekara bakwai, kuɗin na gina hanyoyi ne kai kuma ana biyanka haya duk wata shida, in kana bin hanyar Kano zuwa Katsina ka sha ganin allon nan mai rubutun Sukuk a bakin titi. Duk sanda na wuce ta wajen sai in ce wa direba a hankali malam, da kuɗina a kwaltar nan, shi kuma ya ce to Alhaji a rage mana ramukan.

Buɗewar kanta ba wuya, ta manhaja na yi a waya, BVN, NIN, hoto, takardar wuta don shaidar adireshi, sunan magaji, kwana biyu aka ce an amince. Na fara da dubu 20, sannan na sa duk wata in albashi ya shigo a cire dubu 10. Abubuwan da ba a faɗa maka da babbar murya su ne na cikin dogon bayanin nan da ba mai karantawa. Manaja yana cire ladansa duk shekara ko an ci riba ko an faɗi, nawa kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, ba za ka ga an cire ba don a cikin farashin yunit ake zare shi. Sannan in ka fitar da kuɗi kafin wata uku akwai tara a kan ribar. Sannan ba ATM ba ne, ranar da ɗana ya kwanta asibiti na nemi dubu 50 ranar Alhamis da yamma sai Talata suka shigo, a wajen maƙwabci na ranta kafin nan. Tun daga ranar na raba, kuɗin gaggawa daban a banki, na asusu kuma na manta da su.

Watannin farko kullum sai na buɗe manhajar, wani lokacin har a cikin aji in yara suna rubutu. Akwai watan da na ga dubu 80 ɗina sun koma 76 da ɗoriya, na kira layinsu a fusace, wata yarinya ta ce Yallabai kasuwa ce ta ɗan sauka, yunit ɗinka suna nan yadda suke ba wanda ya ragu. Na kashe wayar ina ƙunƙuni amma gaskiyarta ne, kuma dubu goman wannan watan ta sayo min yunit fiye da na watan baya tunda sun yi araha.

Sai 2023 ta zo. Aka cire tallafin mai ƙarshen Mayu, Yuni aka saki naira, kasuwar Legas kuma ta yi ta hawa, a shekarar ma'auninta ya ƙaru da wajen kashi 45 cikin ɗari, 2024 ma ta ƙara wajen 37. A waya ni mai riba ne, lambobi kore shar. A kasuwa kuma buhun shinkafa yana gudu ina bin sa, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 a ƙarshen 2024. Wanda ya fara buɗe min ido a kan wannan taubashina ne, ɗan goggona da ke Maraɗi, yana sayar da kayan masarufi, muna waya na yi masa burga cewa jarina ya kusa ninkawa, ya yi dariya har da tari ya ce to maida shi sefa mu gani. Na lissafa. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, da muke canzawa wajen naira dubu ɗaya da ɗari biyu a farkon 2023 ta haura naira dubu biyu da ɗari biyar a 2024. Wato ribar tawa duka in aka auna da kuɗinsu ko uwar kuɗin ban riƙe ba. Ya ce kai dai bawan Allah kana ta ɗiban ruwa da kwando, zo ka saya a tamu kasuwar.

Ni sai a ranar na san wai suna da kasuwar hannun jari. BRVM ake ce mata, hedikwatarta a Abijan, ta fara aiki a 1998, kuma kasuwa ɗaya ce tal ta ƙasashe takwas masu kashe sefa, Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kodebuwa da Gini Bisau. Abun ya burge ni gaskiya, mutum yana zaune a Maraɗi ya mallaki yanki a Sonatel, kamfanin wayar Senegal, da kuɗin da ke aljihunsa ba canji ba komai, kuma sefar a ɗaure take da yuro, 655.957 duk yuro ɗaya, ba ta wannan rawar da naira ke yi. Dillalansu ana kiransu SGI, akwai a Yamai, suna kuma da nasu irin asusun haɗakar da suke kira FCP. Farashi a can ba ya wuce kashi bakwai da rabi hawa ko sauka a rana ɗaya, mu a Legas kashi goma ne. Shi taubashin nawa wani ma'aikacin banki abokin cinikinsa ne ya sa shi a hanya, yana da 'yan Sonatel ɗinsa yana karɓar riba duk shekara yana min kuri.

Na zauna na bi jerin kamfanonin da ke kasuwar, ba su kai hamsin ba, mafi yawa na Kodebuwa. Da na cire bankuna, na cire na giya da na taba, abin da ya rage min bai taka kara ya karya ba, kamfanonin waya, na manja da roba, masu sayar da mai, shikenan. Na Nijar ɗin ma da na gani a jerin banki ne, BOA Nijar. Wani abin da ya ba ni dariya, Ecobank tana can tana kuma Legas tana Accra, hannun jari ɗaya kasuwa uku. Duk da haka na ce ko Sonatel kaɗai ai ta isa in ajiye wani abu a kuɗin da ba ya narkewa.

Nan fa na gane kusa a taswira daban kusa a banki daban. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya da Dan Isa ba ta kai tafiyar Kano ba, amma kuɗina ba su san wannan hanyar ba. Lokacin da na fara bincike an riga an yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, iyaka a rufe, takunkumin ECOWAS ya hau har kan harkar banki, sai a 2024 aka sassauta. Bayan an buɗe na je da kaina, muka kira wani dillali a Yamai ta wayar taubashina, da Faransanci aka fara sannan da ya ji ni ya juya Hausa. Ya ce ba a hana baƙo saya ba, fasfo, hotuna, shaidar wurin zama, shaidar inda kuɗin suka fito, a cika yarjejeniya. Na ce duk ina da su. Ya ce to ta ina kuɗin za su zo, kuma in an raba riba ina za mu tura maka? Maganar kenan. Naira ba ta tafiya can kai tsaye ta banki, sai an bi ta dala ko yuro, kowane mataki da ladansa da canjinsa, ni kuma abin da nake son sawa bai wuce jaka ɗari biyu ba, kafin su isa an gutsure su, kafin riba ta dawo an sake gutsura. In kuma na ɗauko tsabar kuɗi na canza a bakin iyaka wajen 'yan canji, to ba ni da takardar da zan nuna asalin kuɗin, asusun banki a can kuma yana son shaidar zama wadda ba ni da ita.

Taubashina ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ba ni kuɗin in saya a asusuna, naka ne, in an raba riba in aiko maka, ko ba ka yarda da ni ba ne? Goggo tana gefe tana jin mu ta ce ai ku ɗaya ne. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, mutum ne da zan ba ajiyar gida. Amma ina zaune a tabarmar nan ledar Baba kawai nake gani, mutum da ransa da hankalinsa da takardunsa a hannu sai da ya yi wata bakwai yana rantsuwa shi ne shi saboda bambancin Muhammadu da Mohammed, to ina ga jarin da sunana bai fito a ko'ina ba, a wata ƙasa, da wani harshe. Yau in ta Allah ta kasance a kan ɗayanmu, shi yana da mata biyu da 'ya'ya tara, ni da nawa, a takarda dukiyarsa ce sai a raba ta gado, wa zai tsaya gaban alƙali ya ce jaka ɗari biyu a ciki na wani malamin makaranta ne a Katsina? Na ce masa ba kai nake tsoro ba, magada nake tsoro, nawa da naka. Goggo ta ce uhm, ta tashi ta shiga ɗaki, shi kuma ya ce matsoraci kawai, 'yan Najeriya kun iya dogon turanci.

Na dawo da kuɗina a aljihu, na rasa wajen dubu huɗu a canjin zuwa da dawowa. Rabi na ƙara a asusun sukuk, rabi na sayi tumaki biyu na kai ƙauye wajen ƙanin Baba, da takarda, na rubuta shi ya sa hannu yana min kallon mahaukaci. Dubu goman wata wata tana nan tana fita, na maida ita sha biyar da aka ƙara albashi, in shekara ta zagayo kuma ina duba darajar yunit ɗin ranar in haɗa da sauran abin hannuna in ga ko zakka ta hau. Manhajar BRVM ɗin ma ban goge ba, nakan leƙa in ga Sonatel, in ta hau taubashina ya turo min hoton allo ba ko sallama, in ta sauka ni in tura masa. Fom ɗin dillalin Yamai yana cikin ledar nan baƙa tare da takardar bankin da ya mutu, Baba ya ce in bar masa ita kar in yar.